Ruwan Alhamis

Kwamfutar tana ɗakin baya na ofishin ƙungiyarmu ta masu ban ruwa, a kan wani teburin katako da aka tokare ƙafarsa ɗaya da rabin bulo. Ofis dai ake ce masa don girmamawa, amma ɗakuna biyu ne a bakin kanal, tsakanin Kura da Bunkure, inda ake jibge buhunan taki da tabarmin taro. Yayana ne ya haɗa ta, shi ne kuma ya rubuta manhajar rabon ruwa da ke cikinta, wadda ke faɗin gonar da za a sakar wa ruwa da ranar da za a sakar mata. Da Allah ya yi masa rasuwa sai aka miƙo mini mabuɗin ɗakin, ba wanda ya tambaye ni ko ina so, don kawai ina koyar da kwamfuta a sakandare. A garinmu in dai ka san inda ake kunna abu, to ka zama injiniyansa ke nan.

Ni mutum ne mai son tsari, kuma na san abin ya yi mini yawa. Ba na iya cin abinci ina ganin takalmi ɗaya a kife a bakin ƙofa. Matata ta daɗe da daina ajiye kwalbar da ta ƙare a gabana, don ta san kafin ta waiwayo na jefar. Yaya kuwa ko igiyar da ta tsinke ba ya yar da ita. Tun muna ɗaki ɗaya muke faɗa a kan haka, ni ina shara, shi yana bin bola yana tsinto kayansa. Da na karɓi kwamfutar na tarar ya toshe ramukan da ake soka filas da gam mai ƙarfi, saboda manoma sun mayar da ita wurin cajin waya. Na yi dariya ni kaɗai a ɗakin, daga nan kuma na yi kuka, don halinsa ne sak.

Akwai abu ɗaya a cikin kwamfutar nan da ya fi ita kanta daraja, wato hoton wata tsohuwar takarda. Kawu, yayan mahaifiyarmu, Bafulatani ne da iyayensa suka daɗe da kafa gida a gefen garinmu, suna noma suna kiwo. Gonarsa ita ce ta ƙarshe a layinmu, daga ita sai fako, kuma ba ta cikin taswirar da aka zana tun farkon aikin ruwa. Lokacin da aka so a ƙara wa ƙaramin kanal ɗinmu tsawo, babu ta inda zai bi sai ta kan burtalin shanunsu. Mahaifin Kawu ya yarda ya ba da burtalin a kan sharaɗi guda: duk ranar Alhamis, daga asuba zuwa azahar, 'yan kan ruwa, wato masu gonakin farkon layi, su rufe ƙofofin ruwansu, a bar ruwan ya gangara har gonarsa. Aka rubuta, dattawa suka dangwala yatsa. Asalin takardar ta narke wata damina da rufin ofis ya yi yoyo, amma kafin nan Yaya ya riga ya ɗauki hotonta ya ajiye a foldar manhajarsa. Duk waɗanda suka dangwala sun riga mu gidan gaskiya. Kawu kaɗai ya rage, shi ma a bayan mahaifinsa ya tsaya ranar, yana saurayi.

Shekara da shekaru ba wanda ya nemi ganin takardar, don ruwa yana isar kowa. Sai 'yan kan ruwa suka koma shinkafar rani, ita kuwa ba ta ƙoshi, tana son ƙafarta a cikin ruwa dare da rana. Ciyawa ta cika kanal, ruwan da ke isowa ƙarshen layi ya koma kamar wankin hannu. A shekarar da nake magana aka yi sabon ciyaman, mutum mai fara'a da taushin murya, wanda gonakin shinkafarsa ke daidai bakin babbar ƙofa. Shi ya fara tayar da maganar a taro, yana murmushi yana duban Kawu.

"Ba mu ce ƙarya ba ne," in ji shi. "Malam dattijo ne, ubanmu ne. Amma a nuna mana. A nuna mana a cikin na'urar ƙungiya, ba a wayar wani ba, ba kuma takardar da aka bugo a shago ba, don yanzu babu abin da yara ba sa haɗawa."

Aka sa taron ranar Asabar, mako uku masu zuwa. A lokacin masarar ranin Kawu ta kai ƙugu, zafin bazara kuma ya fara kunno kai. Ban damu ba ko kaɗan. Na sha ganin hoton, na san inda yake.

A makon ne kuma wasu masu tallafa wa manoma suka ba ƙungiya sabuwar manhajar rabon ruwa, mai launi da taswira, ciyaman ya ce lallai a saka ta kafin taro. Da na duba na ga ba za ta hau ba sai an sabunta tsarin kwamfutar gaba ɗaya, don tun zamanin Yaya ba a taɓa ba.

Sai na ɗan bayyana yadda irin wannan kwamfutar take, don abin da ya biyo baya ya fito fili. Ba a zuba mata manhaja kamar yadda ake tura fim a waya. Kowace manhaja a ƙunshi take zuwa, kuma akwai wata babbar manhaja da ke kula da shigar kowane ƙunshi da fitarsa, ni manaja nake ce mata. Manajan nan yana riƙe da dogon jeri, kowane ƙunshi da layinsa, a gaban sunan kuma akwai haruffa biyu masu faɗin halin da yake ciki. In ka ga ii, an saka shi lafiya, yana aiki. In ka ga rc, an cire shi amma an bar saitunansa a baya. A tsakani akwai halaye marasa daɗi: an kwance ƙunshin ba a saita ba, ko an fara saitawa aka tsaya a rabi. Manajan yana da taurin kai a kan wannan. Muddin ƙunshi ɗaya yana rataye a rabi, ba zai yarda ya saka maka komai ba sai ka warware shi.

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta na fara sabuntawar. Batirin solar ofishin ya tsufa, na sani, amma rana na tsaka, na ce zai kai. Ana cikin aiki wani ya shigo ɗakin gaba ya jona injin feshi a caji, allon ya mutu ɗif. Na zauna ina kallon fuskata a baƙin gilashin. Da wuta ta dawo na kunna, ta tashi, amma manajan ya ƙi motsi. Na ba shi umarnin da ke cewa ya ƙarasa saita duk abin da ya bari a rabi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kammala, sai guda ɗaya da ya tsaya a kai yana ta kawo kuka iri ɗaya. Ƙunshin Yaya ne. Manhajarsa ta dogara da wasu tsofaffin kayan aiki da sabon tsarin ya daina tafiya da su, ta maƙale, ba ta shiga ba ba ta fita ba.

Washegari na buɗe cikin ƙunshin don in ga yadda ya gina shi. Kowane ƙunshi yana tafe da 'yan rubutattun umarni har huɗu, waɗanda manajan ke bi ba tare da gardama ba: na kafin sakawa, na bayan sakawa, na kafin cirewa, da na bayan cirewa. Yawancin mutane ba sa karanta su, kamar yadda ba a karanta takardar cikin kwalin magani. Na Yaya cike suke da bayani da Hausa a tsakanin layukan umarni, yana magana da duk wanda zai zo bayansa. A wani wuri ya rubuta, "Kada ka taɓa wannan layin, na san bai yi kyau ba, amma yana aiki." Na san da ni yake, ko da bai san ni zan gaje shi ba.

Na bayan cirewa shi ne ya sa na gyara zama. Hanya biyu ake fitar da ƙunshi. Akwai remove, wato a cire manhajar a bar kayanta. Akwai purge, wato a share ta kwata-kwata har da saitunanta. Yaya ya rubuta a saman nasa: "In cirewa kawai aka ce, kada a taɓa foldar ƙungiya. In sharewa aka ce, a share har foldar, don kada sunayen mutane da lambobinsu su faɗa hannun wanda zai sayi kwamfutar nan wata rana. Amma a jira minti ɗaya tukuna, ko mutum zai dawo hayyacinsa." A ƙasa na ga layin da zai bugo gargaɗi a allo, da layin da zai ƙirga daƙiƙa sittin, sannan layin da zai share foldar. Layi ne gajere, bai kai tsawon yatsana ba. Na daɗe ina kallonsa.

Ina cikin haka ciyaman ya leƙo. Ya saba leƙowa a kwanakin nan, wai duba taki yake zuwa yi.

"Injiniya, har yanzu ba ta haƙura ba?"

"Ranka ya daɗe, manhajar marigayi ce ta maƙale. Sai an cire ta."

"Allah ya jiƙansa. To me zai hana ka wanke ta gaba ɗaya, kamar yadda ake yi wa waya? A fara da sabo fes. Tsohon kaya ai nauyi ne kawai."

"Akwai takardun ƙungiya a ciki."

"Au, haka ne fa," in ji shi, kamar yanzu ya tuna. Ya tsaya a bayana yana kallon allon da na san ba ya gane komai a ciki, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. "Ka dai yi a hankali. Na'ura ba ta da amana."

Da ya fita na buga remove, na karanta layin sau uku kafin in danna. Manajan ya cire manhajar Yaya, ya saki numfashi, komai ya daidaita. Na duba jeri, ga sunan ƙunshinsa da rc a gabansa. Na shiga foldar, ga hoton takardar nan, da rubutun ajami a sama, da na boko a ƙasa, da dangwalen yatsu shida jere kamar an aza ƙwayayen gyaɗa. Kaina ya kumbura. Na ji duk faɗin Kura da Bunkure babu wanda ya san bambancin umarnin nan biyu sai ni, kuma ga shi na tsallake ramin da aka haƙa mini.

Nan ne ya kamata in yi kwafin hoton. Filas ba ya shiga, gaskiya ne, kuma an ce ba za a karɓi na waya ba, shi ma gaskiya ne. Amma zan iya tura wa kaina ta intanet, ko in kwafe shi zuwa wata folda a cikin kwamfutar, aikin da bai kai shan ruwa ba. Na ce zan yi. Jarrabawa ta zo a makaranta, na shiga makin takardu, kwana ya yi ta tafiya. Na faɗi wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri, ni na gaji da nema wa kaina.

A makonni biyun nan garin ya yi wani iri. Ruwan kanal ya ƙara ja da baya har kana ganin koren gansakuka ya bushe a jikin siminti. Mutanen ƙarshen layi suka daina zama a majalisa ɗaya da na kan ruwa bayan la'asar. Wata Alhamis aka tarar an buɗe ƙofa ɗaya ta sama tun hantsi, aka ce yara ne. In na wuce a babur sai in ga ana bina da ido, kowane ɓangare yana son ya karanta fuskata. Mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta ta ce, "Takardar yayana tana hannunka, ko?" Na ce tana nan. Ta ce, "To," ta ci gaba da tsinke zogale, ba ta sake ɗago kai ba.

Ranar Laraba, saura kwana uku taro, na je in saka sabuwar manhajar. Bayan azahar ne, kwanon rufin yana ta ƙara saboda zafi. Kafin in fara na buɗe jerin manajan, sai na ga layukan rc sun cika allo har sun zarce, ragowar tsofaffin abubuwan da sabuntawar ta cire. Ba wani wuri suke ci ba, na sani sarai. Ganinsu ne kawai ya dame ni, kamar takalmin nan da ke kife. Akwai wani layin umarni da na haddace tun ina makaranta, wanda ke tattaro duk ƙunshin da ke halin rc ya share su a tashi ɗaya. Ba ya duba suna, hali kawai yake dubawa. A cikin kaina kuwa ƙunshin Yaya ba ya cikin tarkace, ajiya ce na yi da hannuna, na kuma manta cewa manajan bai san ajiya ba.

Akwai zaɓin gwaji da ake ƙarawa a umarni, ya nuna maka abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Ina koya wa ɗalibaina shi, har ina buga tebur. Ban sa ba. Akwai kuma wani zaɓi, harafi ɗaya tak, y, da ke gaya wa manajan kada ya jero maka sunaye ya tambaye ka ko ka yarda, ka riga ka ce e. Shi na sa, don ina sauri. Na kuma ɗaura umarnin saka sabuwar manhajar a bayansa, yana gama shara ya zarce.

Yatsana yana kan madanni na ji sallama a waje. Muryar Kawu ce. Na danna, na miƙe.

Duk wanda ya tashi a gidan mutunci ya san ba a barin babba a tsaye a rana ana cewa ina zuwa. Na fito da sauri na tarar ya jingine kekensa a bango, da 'yar jarkar kindirmo ɗaure a baya. Na durƙusa.

"Kawu, ku ne da ranar nan? Sannunku da zuwa."

"Yawwa, ɗan nan. Ina wuni? Ina gajiya?"

"Lafiya lau, ba gajiya."

"Ya iyalin naka? Ya mai ɗakin? Ta ji sauƙin ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Yaran fa? Ƙaramar ta fara tafiya?"

Gaisuwar Kawu ba a yanke ta. Sai ya bi gidanka ɗaki-ɗaki, ya tambayi makaranta, ya tambayi zafi, ya tambayi babur ɗinka, sannan kai ma ka bi nasa, ka tambayi matarsa Inna da shanu da maruƙa da wadda ta haihu. Tun ina yaro nake son gaisuwar nan, don in yana yi sai ka ji duk duniya kai kaɗai ya zo gani. Daga inda nake durƙushe ina hango gefen allon ta ƙofar ɗakin baya. Rubutu yana ta gudu sama, sai na ga ya tsaya cak. Na ce a raina layin intanet ne ya yi rauni, ya saba. Kawu yana ba ni labarin wata saniyarsa da ta ƙi cin dusa.

Ya kwance jarkar ya miƙo mini. "Innarku ta ce a kawo maka, wai kana ta wahala a kanmu." Sannan ya rage murya, duk da ba kowa a wurin. "Masarar ta fara goyo. In ta sha na gobe da na mako biyu masu zuwa, ta tsira. Takardar dai tana nan, ko?"

"Tana nan, Kawu. Da idona na gan ta. Ku kwantar da hankalinku."

"To madalla. Allah ya jiƙan ɗan'uwanka, ya yi mana aiki."

Na amsa da amin. A daidai lokacin na ga rubutun allon ya ci gaba da gudu.

Sai da na raka shi bakin hanya, na tsaya har ya hau keke, sannan na dawo. Sabuwar manhajar ta kusa gama shiga. Na ajiye kindirmon, na ja rubutun baya don in ga abin da ya tsayar da shi. A tsakiyar layukan Turanci na ci karo da Hausa, da manyan haruffa:

TSAYA. TAKARDAR RUWAN KAWU TANA CIKIN NAN. KANA DA MINTI ƊAYA KA FASA.

A ƙarƙashinsa lambobi ne jere, daga sittin har zuwa ɗaya, kowace a layinta. Yaya ya tsaya ya ƙirga mini su duka, ni kuwa ina waje ina tambayar lafiyar maruƙa. Na buga sunan foldar, kwamfutar ta ce babu abu mai wannan suna. Na sake bugawa. Ban san sau nawa na buga ba. Na zauna a kan buhun taki, ga kindirmo a gabana.

Abin da aka share ba ya ɓacewa nan take, sai an rubuta wani abu a gurbinsa. Ni kuwa da hannuna na ɗaura umarnin da ya zuba sabuwar manhaja a kai. Alhamis da Juma'a na ce wa makaranta ba ni da lafiya, kuma ban yi ƙarya ba. Na rufe kaina a ɗakin ina tono da duk wata manhajar ceto da na sani. Ta fito da tarkace iri-iri, hotunan taron raba taki, guntayen sunaye, har da hoton Yaya yana dariya a bakin kanal. Da yammacin Juma'a takardar ta fito. Samanta kaɗai ya fito tas: bisimilla, sunayen waɗanda suka halarta, da layin da ke cewa mahaifin Kawu ya ba da burtalin shanunsa don ruwa ya wuce. Daga nan zuwa ƙasa launin toka ne shafe, babu Alhamis, babu azahar, babu yatsa ko ɗaya.

Ranar Asabar aka fito da kwamfutar ɗakin gaba, aka shimfiɗa tabarmi har waje. Na miƙe na faɗi abin da ya faru, ban rage komai ba. Na ce ni na share, ba wuta ba ce, ba na'ura ba ce. Na ce na ga takardar cikakkiya, zan dafa Alƙur'ani. Wani daga baya ya ce ai ɗan ƙanwarsa ne, me ake so ya ce. Mutanen ƙarshen layi suka tashi da hayaniya, suna cewa kowa a nan ya san ruwan Alhamis tun yana cikin zanin goyo. Ciyaman ya bari suka gaji, sannan ya yi magana a hankali. Ya ce ba wanda ya musa an ba da burtali, ga shi a rubuce, Allah ya saka wa mai bayarwa. Amma sharaɗin da ake faɗa ba a gan shi ba, kuma ƙungiya ba za ta rufe wa gonaki masu yawa ruwa a kan abin da ba a gani ba. Aka ɗaga hannu, 'yan kan ruwa sun fi yawa. Aka ce duk abin da ya ragu ya gangara, na Malam ne. Kowa a wurin ya san babu abin da ke raguwa.

Aka shafa fatiha. Ana fita ciyaman ya kama hannuna ya matse, ya daɗe bai saki ba, ya ce a kunnena, "Injiniya, sannu da ƙoƙari." Ya ɗauka da gangan na yi. Rabin garin ma haka suka ɗauka, har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamata. Na tsani matsar hannun nan fiye da duk zagin da aka yi mini.

Sai da Alhamis biyu suka wuce na iya zuwa gonar. Ƙaramin kanal ɗin ya bushe har ƙasansa ya tsattsage, ganyen masarar ya nannaɗe ya yi fari-fari. Na tarar da Kawu da lauje yana yanke ta ɗanya yana tarawa, zai kai wa shanu, goyon duk bai cika ba. Na durƙusa a kan kunyar gona. Ya amsa gaisuwata, ya ci gaba da yanka. Can ya tsaya, ya share goshi da hannun riga.

"Ɗan nan, akwai abin da nake ta juyawa. Ka ce a taro ranar Laraba ne, bayan azahar."

"E, Kawu."

"Ranar da na kawo maka nono."

Na gyaɗa kai.

"Ka ce ɗan'uwanka ya bar minti ɗaya a fasa. Kana ina a mintin?"

Na so in yi ƙarya, wallahi na so. Na ce, "Ina waje, Kawu."

Ya daɗe yana kallon laujen hannunsa. "Ashe ni na tsayar da kai," in ji shi.

Na ce ba haka ba ne. Na ce laifin ya riga ya auku tun kafin ya yi sallama, tun daga harafin da na ƙara, tun daga kwafin da ban yi ba. Na yi ta bayani, har ina zana masa layukan umarni a ƙasa da tsinke. Ya saurare ni har na gama, ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya riga ya rubuta, in tashi kada rana ta yi mini yawa. Na ga dai bai karɓi ko ɗaya ba.

Yanzu damina kaɗai yake noma gonar. Bai taɓa yi mini gori ba, bai bari mahaifiyarmu ta yi ba, kuma har gobe Inna tana aiko da kindirmo. Sai dai tun daga ranar, in muka haɗu a kasuwar Bunkure ko a ƙofar masallaci, ina fara durƙusawa yake ɗaga mini hannu. Ba ya tambayar matata, ba ya tambayar ƙaramar da yanzu har ta shiga makaranta. Na sha riƙe kan kekensa ina jero masa tambayar shanu da maruƙa don in ja shi, sai ya amsa a taƙaice, yana duban bayana kamar akwai abin da na bari a kunne.

"Lafiya lau, ɗan nan," yake cewa. "Je ka, kada in tsayar da kai."